Soja a Waƙa, Miji a Wasiƙa: Tsokaci Kan "Maraba da Soja"

A waƙar "Maraba da Soja", Malam Sa'adu Zungur ya yabi jaruntakar dakarunmu da suka yi Yaƙin Duniya na Biyu, ya kuma ɗora zancen 'yanci a kanta. Ba mu ja da ƙwarewarsa. Sai dai a ganinmu waƙar runduna ta hango, ba ta tsaya kan mutum guda ba.

Wane ne mutumin? Shi ne kurtun da aka koya wa fareti da harbi a bariki, aka zuba shi a jirgin ruwa zuwa Indiya cikin runduna ta 81 a 1943, ko ta 82 a 1944, ya ƙara samun horon daji kafin ya shiga Bama. Ya bar mata a gida, ba abin da ya haɗa su sai wasiƙa.

Wasiƙar kuwa ba ta mutum biyu ba ce. Sau da yawa wani ke rubuta masa, hafsa ya tace ta, a gida kuma wani ya karanta wa matar. Ga kunya. Saboda haka bege sai ya ɓuya cikin doguwar gaisuwa da tambayar damina da zancen kuɗin cefane. A wajenmu wannan sakaya zance adabi ne, domin da ita waƙar soyayya take rayuwa.

Muna kira ga ɗalibanmu su bincika adakar kakanninsu. Marubutan sun ƙaura, gara kuma ba ta jiran manazarci.