Unguwar Yahudawa ta 1967, da Adar da ke jiran mai ɗaukarta

Duk wanda ya ƙudurta ɗaukar fim a kan zamanin da ya shuɗe, abokin gabarsa na farko itace ne. Ƴan'uwan nan biyu, Joel da Ethan Coen, sun ɗanɗana haka a 2008, sa'ad da suka koma jihar Minnesota ta Amurka domin su rayar da unguwar da suka tashi a cikinta, wato St. Louis Park ta gefen birnin Minneapolis, inda Yahudawa masu matsakaicin hali suka yi kaka-gida. Labarin A Serious Man a 1967 yake gudana, lokacin da gidajen suke sababbi, dashen ƙofar gida bai isa ba da inuwa ba. Bayan shekara 40 kuwa itatuwa sun rufe ko'ina. Sai da suka zaga unguwanni da dama kafin su dace da wata a Bloomington.

Fim ɗin ya fito a 2009. Larry Gopnik malamin jami'a ne wanda duniya ta juya wa baya a lokaci guda: matarsa na neman saki, ɗan'uwansa ya tare masa a gida, wani ɗalibi ya ajiye masa toshiyar baki a kan tebur. Sai ya nufi malaman addininsu uku neman fatawa. Na farko, matashi, ya ce ya dubi ikon Allah a filin ajiye motoci. Na biyu ya shimfiɗo masa dogon labarin wani likitan haƙori, labarin da ba shi da ƙarshe. Na uku, dattijon da kowa ke jin nauyinsa, ya ƙi ganinsa, wai yana cikin tunani. Mai kallo zai tuna da Annabi Ayuba, sai dai wannan Ayuban haƙurinsa ya gaza a ƙarshe.

Ƙarfin aikin yana cikin abin da masu shi suka ƙi. Ba su nemi taurari ba. Michael Stuhlbarg, wanda ya fito a matsayin Larry, a dandalin wasan kwaikwayo aka fi saninsa a lokacin, kuma da yawa cikin ƴan wasan a yankin aka samo su. Kalmomin ibada da na al'ada an bar su yadda suke, ba a tsaya yi wa baƙo sharhi ba. Har tatsuniyar da ta buɗe fim ɗin, cikin harshen Yidish, su suka ƙaga ta. Amma akwai inda suka yi sake. Matan labarin ba su da zurfi. Ƴar Larry kusan ba ta da wani sha'ani sai wanke gashi. An kuma ambaci faifan Abraxas na Santana, wanda sai 1970 ya fito. Wasu masu sharhi sun zarge su da yi wa mutanensu ba'a, kuma zargin ba na banza ba ne.

A nan ne zancen ya shafi Adar. Finafinan tarihi na wannan nahiya sun fi son sarauta da yaƙi da bauta: Shaihu Umar na Adamu Halilu a 1976, ko Sarraounia ta Med Hondo a 1986, wadda aka ciro daga littafin Abdoulaye Mamani, aka ɗauke ta a Burkina Faso, ta lashe babbar kyautar FESPACO a 1987. Ayyuka ne masu daraja. Amma gidan talaka a Tamaske ko Buza a shekarar fari ta 1973, da maigida can Abijan yana cin rani, da matar da ke auna abin da ya rage a rumbu, wannan ma tarihi ne, kuma waɗanda suka gan shi da ido suna ta ƙarewa. Abin mamaki, a Tawa ne Mustafa Alasan ya zauna shekarunsa na ƙarshe, har ya mayar da wasu ɗakunan otel ɗinsa wurin aikin fim kafin rasuwarsa a 2015. Kayan aiki sun taɓa zuwa garin.

Matsalar itace ma tana nan, ta wata fuska. Tun da aka soma aikin raya kwarin Keita a 1984 da tallafin Italiya, an dasa itatuwa an yi shingen duwatsu, har ƙasar ta sauya kama. Wanda zai nuna tsandaurin 1973 sai ya yi yawon neman fako, ya kauce wa rufin kwano da turakun wayar salula da babura.

Waɗannan duk kuɗi na iya magance su. Mai wuyar ita ce zuciya. Labarin magidanci da ya zaga malamai uku ya dawo hannu rabbana zai zauna daram a kowace unguwar Tawa, amma wa zai yarda a nuna malamin da ya rasa amsa, ko surukar da ta ɓoye hatsi? Ƴan'uwan Coen sun iya ne domin gidansu suke zagi, kuma sun yi nisa da shi. Ɗan Adar da zai yi irin wannan gobe zai haɗu da waɗanda ya zana a masallaci da wurin suna.

Sai kuma harshe. Idan aka ɗauko ɗan wasa daga Kano ya ce "yana" inda tsohuwar Adar za ta ce "shina", ko ya ce "fari" a madadin "hwari", ƴan kallo a Keita za su gane tun kafin ya rufe baki.