Su a Ruwan da Bai Kai Gwiwa Ba

Wani malami a Funtuwa ya taɓa ce mini abin da mutanenmu ke yi a fadamun Karfi idan ruwa ya ja baya bai kai a kira shi su ba, wai wasan laka ne. Su na gaske, in ji shi, sai Argungu, ko a kwalekwale a Kainji. Maganar nan ta daɗe tana ci mini rai.

Ba na raina Argungu. Bikin ya faro ne a 1934, da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, kuma a 2016 UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado na duniya. Sai dai idan dubban mutane suka auka Matan Fada lokaci guda da homa da gora, ƙarfi da sa'a ne ke aiki. Wanda ke neman gwaninta ya je ya kalli mutum ɗaya tsaye a bakin tafki, ko a gefen madatsar Mairuwa da bazara.

Ba ya ɗaga ƙafa. Janta yake yi a hankali, don kada laka ta tashi ta rufe masa gani, yana kuma kula kada inuwarsa ta riga shi isa wurin kifi. Tarwaɗa tana shaƙar iska, shi ya sa takan taso ta yi ɓul ta koma. Ɗan koyo inda ya ga kumfa yake kifa homa, ya ɗago laka zalla. Gwani sai ya jira tasowa ta biyu, ya gane inda ta dosa, ya tare ta a gaba. Ƙarfasa kuwa namijinta ke share ɗan rami zagayayye kamar akushi a ƙasan ruwa, nan mace za ta zuba ƙwai. Na ga dattijo ya tsaya kan irin wannan rami, ya dube shi, ya kewaye ya wuce. "Na baɗi ne," ya ce da ni. Ko inda ruwa ya ƙafe ƙaf idonsa bai huta ba, domin gaiwa na kwance cikin busasshiyar laka, ta bar 'yar kafar numfashi da ni da kai za mu taka mu wuce.

A tsibiran Bahamas akwai wani kifi fari kamar azurfa, mai yawan ƙaya, da ke kiwo a ruwa marar zurfi. Attajiran Amurka na kashe kuɗi masu yawa su je su tsaya cikin ruwan, ɗan gari na nuna musu jelar kifin da ta leƙo sama yana tonon ƙaguwa, sannan su jefa fatsa. In sun kama ma sakinsa suke yi. Idon ɗan garin nan suke biya, kuma irin idon ne malamin nan na Funtuwa ya kira wasan laka.

Ni a ganina ido shi ne sana'ar, homa da mali da birgi duk bayinsa ne. Shi ya sa ba na jin tsoron masu kiwon kifi a kwami, kasuwarsu daban. Abin da ke tsorata ni shi ne gidan sauro da yara ke ja a tafki suna kwashe har 'ya'yan kifi, da gamalin da wasu ke zubawa komai ya taso da ciki sama. Yaron da ya fara su da gidan sauro ba ya da dalilin tsayawa ya jira tarwaɗa ta taso karo na biyu.