Babakeren Kananci a Adabin Hausa

Malamanmu na nazarin harshe sun koya mana cewa babu karin Hausa da ya fi wani, wato Sakkwatanci da Katsinanci da Dauranci da Zazzaganci da Kananci duk uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. To amma a aikace da wata doka dabam muke tafiya, wadda ke cewa abin da Bakano ya furta shi ne Hausa, saura kuwa sai a yi musu uzuri. Manufar wannan 'yar maƙala ita ce duba inda wannan doka ta samo asali, da irin ɓarnar da take yi wa adabinmu.

Turawa suna da suna ga irin wannan hali. Wani masani ɗan Italiya, Antonio Gramsci, wanda gwamnatin Mussolini ta ɗaure, ya rasu a 1937, ya bayyana cewa mulkin da ya fi daɗewa shi ne wanda waɗanda ake mulka suka karɓa da kansu, har suka ɗauka haka Allah ya yi duniya. Ya kuwa san abin da yake faɗa, domin shi mutumin tsibirin Sardiniya ne, ya karanta ilmin harshe, a ƙasar da aka ɗauki karin birnin Fulorans aka mai da shi harshen kowa. Mu a Hausa babakere ya fi dacewa mu kira abin.

Mu koma tarihi. Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, a Nasarawa ta Kano ya buɗe makarantarsa a 1909, ya kuma fito da ƙa'idojin rubutun boko a 1912. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa, kowa ya doshi birni, ya koma gida da bakin birni. Daga nan sai gasar ƙagaggun labarai ta 1933 wadda Rupert East ya shirya, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, da Hukumar Harshen Hausa a 1955. Kowane mataki ƙara kafa Daidaitacciyar Hausa ya yi a kan harsashin Kananci.

Abin lura a nan shi ne waɗanda suka yi ginin. Cikin marubutan littattafai biyar ɗin nan da muke karantawa tun sakandare, Muhammadu Gwarzo kaɗai ne mutumin ƙasar Kano. Abubakar Imam da wansa Bello a Kagara aka haife su, Abubakar Tafawa Ɓalewa mutumin Bauchi ne, John Tafida kuwa na ƙasar Zazzau. Hukumar Talifi ma a lokacin a Zariya take zaune. Ashe Kanawa ba su ɗauki takobi sun tilasta wa kowa ba, wasu ne suka ɗauki rawanin suka naɗa musu. Maganar Gramsci ke nan.

Wanda ke son ganin abin da idonsa ba sai ya je ɗakin karatu ba. Ya zauna wurin mai shayi a Gyaɗi-Gyaɗi, daura da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, inda masu jinya daga Zamfara da Katsina da Maraɗi ke kai da komo, ko ya zaga Kasuwar Tarauni. Na sha jin baƙo ya ce "ɗari biyat" ko "na tahi", yara su kwaikwaye shi a yi dariya. Kafin shekara ta kewayo ya gyara bakinsa, 'ya'yan da zai haifa a unguwar kuwa su ne za su riƙa yi masa gyara. Ba wanda ya doke shi, kunya ce ta yi aikinta.

Finafinanmu, tun daga Turmin Danya na 1990, sun ƙara wa wutar makamashi. A da yawa daga cikinsu likita da alƙali da yarinyar da ake so duk Kananci suke yi, Sakkwatanci kuwa an ajiye shi don baƙauye da maigadi da wanda za a yi wa dariya. Wani zai ce ai barkwanci ne irin na Kanawa da Zagezagi. Sai dai wasan barkwanci ba ni in ba ka ne, kowa na da bakin ramawa. Wasan da kullum mutum ɗaya ke ƙasa ya tashi daga wasa.

Inda abin ya fi damuna, a matsayina na ɗalibin adabi, shi ne waƙa. Kowa ya sani manyan makaɗanmu yawancinsu daga yamma suka fito: Narambaɗa, Jankiɗi, Ɗanƙwairo, Ɗan Anace. Waƙoƙin masu jihadi ma, irin na Nana Asma'u, a ƙasar Sakkwato aka tsara su. Amma idan ɗalibi ya zo juyar waƙa daga faifai zuwa takarda don kundinsa, sau da yawa sai hannunsa ya riƙa "gyara" ba tare da ya sani ba. Makaɗi ya ce munka, shi ya rubuta muka. A ido bambancin harafi ɗaya ne. A kunne kuwa gaɓar mun mai nauyi ce, mu marar nauyi, saboda haka an taɓa karin waƙar. Makaɗi ya ce ɗiya, gaɓa biyu, an rubuta 'ya, gaɓa ɗaya, ɗango ya gurgunce. Inda amsa-amo ya sauka a kan biyat, in aka mai da shi biyar an rushe shi. Daga baya wani manazarci ya zo ya auna abin da ke takarda, ya yanke hukunci cewa makaɗin ya karya kari, alhali mai rubutu ne ya karya. Haka kalmomi irin su habɗi da dauri suke sulalewa, a maye gurbinsu da toka da dā, sai jikan makaɗin ya buƙaci tafinta kafin ya fahimci kakansa.

Kada mai karatu ya zaci ina kira da a rushe Daidaitacciyar Hausa. Tilas ne yaron Yola da na Damagaram su iya karanta littafi ɗaya, don haka ne ma masana suka taru a Yamai a 1980 domin daidaita rubutun Nijeriya da na Nijar. Jarida da wasiƙar ofis da littafin kimiyya su bi ƙa'ida, ba ni da ja. Jayayyata ita ce a bar ƙa'ida ta tsaya a matsayinta na yarjejeniyar rubutu, kada ta zama ma'aunin wayewa.

Saboda haka ina ba 'yan'uwana ɗalibai shawara uku. Duk mai juyar waƙa ya rubuta ta yadda ta fito daga bakin mai ita, bayani ya biyo a ƙasa. Marubutan labari da wasan kwaikwayo su yarda Basakkwace ya yi magana da bakinsa a matsayin malami ko jarumi. Ƙungiyarmu kuma ta riƙa karɓar rubutu cikin kowane kari a wannan mujalla, ba tare da edita ya bi shi da jan biro ba. Malamanmu masu duba kundaye, Allah ya ƙara musu lafiya, su ne za su fi kowa iya tsayar da ta farko, domin ɗalibi abin da ke kawo maki yake bi.

Mu da muka tashi da Kananci a baki mu ne ya kamata mu fara wannan gyara, tunda mu ne ba ma jin nauyin kayan. Allah ya sa mu dace.