Ƙaho, Hijama da Askar Wanzami: Tarke a kan Yadda Muke Yabon Maganin Gargajiya

Gabatarwa

Daga cikin hanyoyin warkarwa da a yau duniya ke kira madadin maganin asibiti, irin su soka allurai na Sinawa, da tausa, da surace, da shan saiwoyi da sassaƙe, babu wadda Bahaushe zai kalla ya ce tasa ce kamar ƙaho. Wannan maƙala tarke ce a kan yadda mu masu rubutu game da al'ada muke magana a kan ƙaho da sana'ar da ta riƙe shi, wato wanzanci. Matsayina shi ne mun saba da lissafa ayyukan wanzami a jere, mu yabe su baki ɗaya da sunan gadon kaka da kakanni, ba tare da mun ware wanda ke da amfani daga wanda ke kashe mutane ba. A ganina wannan ba adana al'ada ba ne, gudun faɗin gaskiya ne.

Ƙaho a gida da waje

Yadda wanzami ke yin ƙaho sananne ne. Zai fito da ƙahon saniya da aka gyara aka huda tsininsa, ya kafa a gadon baya ko ƙeya ko duk inda mai ciwo ya nuna, ya zuƙe iskar da baki, ya toshe ƙofar. Idan fata ta tasa sai ya cire, ya tsattsaga wurin da aska, ya mayar da ƙahon ya sake zuƙa. Jinin da ya taru, baƙi mai gudaji, shi ake nuna wa mai ciwo a ce ga mataccen jinin da ke hana shi sakat. L. Lewis Wall, wanda ya yi bincike a ƙasar Katsina ya fitar da littafinsa Hausa Medicine a 1988, ya nuna yadda jini ke da babban gurbi a tunanin Bahaushe game da lafiya da ƙarfi, kuma a kan wannan tunani ne ƙaho ya tsaya.

Kuskuren farko da nake gani a kundayen ɗalibai da ƙasidun bukukuwan al'adu shi ne ɗaukar ƙaho a matsayin fasahar da Bahaushe ya ƙago shi kaɗai. Ba haka ba ne. Tsohon sunan wannan aiki a wurin Sinawa ma'anarsa "hanyar ƙaho", domin da ƙahon dabba suka fara kafin su koma ga gora da gilashi. Mutanen Finlan, can arewacin Turai, da ƙahon saniya suka riƙa yi a ɗakunan suracensu. Likitan Andalus, Abul Ƙasim Az-Zahrawi, wanda ya rasu wajajen 1013, ya yi bayanin ƙaho da kayan aikinsa a littafinsa At-Tasrif. A hadisan Bukhari an ambaci ƙaho tare da zuma cikin abubuwan da ke da waraka, kuma ya tabbata an yi wa Manzon Allah (SAW) ƙaho ya biya wanda ya yi masa. A nan gida, Abdullahi ɗan Fodiyo da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello sun yi rubuce-rubuce a kan ilimin tibbi da Larabci, abin da Ismail Abdalla ya yi nazari a littafinsa na 1997. Saboda haka wanzamin Hausa ɗaya ne daga cikin magada masu yawa. Wannan bai rage masa daraja ba, ya dai nuna cewa tambayar da aka yi wa ƙahon wasu, dole a yi wa namu.

Sabon suna, sabuwar riga

Abin da ya faru da ƙaho a garuruwanmu cikin shekarun nan abin lura ne. Ɗan boko ko ɗan kasuwar da ba zai taɓa tuɓe riga ya zauna gaban wanzami a gindin bishiya ranar kasuwa ba, yau shi ne ke neman layi a shagon hijama ranar 17 ko 19 ko 21 ga watan Musulunci. Aikin ɗaya ne. An dai sauya ƙahon saniya da kofin roba, an sauya bakin wanzami da ɗan famfon hannu, an sauya sunan Hausa da na Larabci. Da aka ga shatin kofuna a kafaɗar ɗan wasan ninƙaya na Amurka, Michael Phelps, a gasar Olamfik ta Rio a 2016, sai abin ya ƙara samun riga ta uku, ta Bature. Wanzami kuwa, wanda ya riƙe sana'ar ɗaruruwan shekaru, an bar shi da zabirarsa ana yi masa kallon ƙauyanci.

Dole a yi wa masu hijama adalci. Waɗanda suka san aikinsu suna sa safar hannu, suna buɗe sabuwar reza a gaban mutum, suna jefar da kofi bayan an gama. Wannan ci gaba ne na haƙiƙa, kuma shi ne babban abin da suka fi wanzami da shi. Inda nake da ja da su shi ne bakin talla. A rediyo da allunan bakin titi da Facebook za ka ji an jero hawan jini, da ciwon suga, da rashin haihuwa, da shanyewar ɓarin jiki, da sammu, a ce duk hijama na kawar da su. Wanzamin da bai yi makaranta ba bai taɓa cika baki haka ba. Shi dai ya ce zai rage maka nauyin jiki da ciwon baya. Kuma ruwayar da ta ce akwai waraka a ƙaho ba ta ce mai hawan jini ya ajiye ƙwayoyinsa ba. Wanda ya ajiye su saboda talla, ya wayi gari ɓarin jikinsa ya mutu, ba hadisi ne ya cuce shi ba, ɗan kasuwa ne.

Me awo ya nuna?

Batun mataccen jini shi ne ginshiƙin bayanin wanzami da na mai hijama, kuma shi ne ya fi rauni. Ƙwayar jan jini tana rayuwa kimanin kwana 120, kuma saifa da hanta ne ke kawar da wadda ta tsufa. Ba ta taruwa a ƙarƙashin fatar baya tana jiran ƙaho. Jinin da ke cikin kofi ya yi baƙi ya yi gudaji ne domin ya fito daga ƙananan jijiyoyi ya daskare, kamar yadda jinin rago ke yi a ƙasa ranar Babbar Sallah.

Rushewar bayani ba ta nufin aikin ba ya yin komai, shi ya sa sai an auna. Turawa sun yi ƙarnoni suna zubar wa marasa lafiya jini, har shugaban Amurka na farko, George Washington, an zubar masa da jini mai yawa a ranar da ya rasu a 1799. Abin da ya fara karya wannan al'ada tasu shi ne ƙidaya. Wani likita a Faris, Pierre Louis, ya bi bayanan masu ciwon huhu ya kwatanta waɗanda aka zubar wa jini da wuri da waɗanda aka jinkirta, ya buga sakamakonsa a 1835, aka ga amfanin bai kai yadda ake zato ba. Haka aka yi wa ƙaho a zamaninmu. A 2012 wasu masu bincike na Sin sun tattara gwaje-gwaje 135 a kan ƙaho, suka ga alamun amfani a wasu cututtuka, amma su da kansu suka ce yawancin gwaje-gwajen ba su da inganci. A 2021 a Burazil an raba masu daɗaɗɗen ciwon baya su 90 gida biyu. An kafa wa rabi kofi na gaske, rabi kuma kofin da aka huda yadda iska za ta koma nan take, aka yi haka mako takwas. Duka ɓangarorin sun ce sun ji sauƙi, kuma babu wani bambanci na a zo a gani a tsakaninsu. Wannan gwaji na busasshen ƙaho ne, wanda ba a tsagawa, don haka bai yanke hukunci a kan irin namu ba. Amma ya nuna cewa kaso mai yawa na sauƙin da ake ji yana zuwa ne daga zama a gaban wanda ya saurare ka, ya taɓa inda ke maka ciwo, ya kuma nuna maka wani abu a tafin hannu ya ce ga cutar.

Ban raina wannan sauƙi ba. Manomin da ya yi yini a layin asibiti, likita ya rubuta masa magani bai ko ɗaga kai ya dube shi ba, yana da hujjar komawa wurin wanzami. Iyakar abin da za a iya faɗa da gaskiya shi ne ƙaho na iya rage ciwon baya da na wuya na ɗan lokaci. Ga mai sikila, ko mai ƙarancin jini, ko wanda jininsa ba ya tsayawa da wuri, ko mai shan maganin tsinka jini, tsaga haɗari ce.

Matsalar tana bakin aska

Ƙahon kansa bai cika kashe kowa ba. Aska ce abin tsoro. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini har kwana bakwai ko fiye, don haka goge aska da tsumma ko wasa ta a fata ba ya kashe ta. Binciken ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2018 ya gano kashi 8.1 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ita, kuma sai a 2004 aka sa rigakafinta cikin alluran jarirai. Wato yawancin magidantan da ke zama gaban wanzami ba su da kariya. Shi kansa wanzamin da ke zuƙa da baki yana cikin haɗari.

Wannan aska kuma ita ce ke yin sauran ayyukan da muke jerawa a takarda cikin alfahari. Ita ke cire wa jariri beli a makonsa na farko, alhali belin ba cuta ba ne, kuma cire shi kan jawo zubar jini ko sandarewar jiki. Ita ke yin yankan gishiri. A nazarin da Tahzib ya buga a 1983 a kan mata 1,443 masu yoyon fitsari da aka duba a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, kashi 13 cikin 100 yankan gishiri ne sanadinsu. Duk wanda ya san aikin da ake yi a Babbar Ruga ta Katsina ya san waɗannan ba alƙaluma ba ne kawai, 'ya'yan mutane ne da aka saka aka mayar gida. Na sha karanta kundin da ya ba yankan gishiri sakin layi guda, tsakanin askin jariri da jarfa, da murya ɗaya, kamar duk ado ne. Marubucin da ya yi haka ya ɗauka rashin ɗaukar ɓangare shi ne ilimi. Ni a wurina ya ɗauki ɓangare, domin ɗalibin da ya karanta zai tafi da cewa abin gado ne da ya cancanci kariya.

Murray Last, a wata maƙala da ya buga a 1981 bisa zamansa a yankin Malumfashi, ya yi iƙirarin cewa maganin gargajiya a can ba tsari ɗaya ba ne mai dunƙulallen ilimi, tarin hanyoyi ne da mutane ke ɗauka suna ajiyewa ba tare da sun damu da sanin dalili ba. Ko mutum bai yarda da shi gaba ɗaya ba, maganarsa ta rushe hujjar masu cewa taɓa ɗaya taɓa duka ne. Ana iya barin beli da yankan gishiri, ƙaho da aski da kaciya su ci gaba, wanzanci kuma bai mutu ba. Tsagen gado ma ya ja baya a birane da ƙauyuka ba tare da an daina kiran wanzami ranar suna ba.

Hukuma ta yi nata motsin a takarda. Nijeriya ta fitar da manufar maganin gargajiya a 2007, dokar tarayya ta 2015 ta haramta yi wa mata kaciya, Saudiyya kuma tana ba masu hijama lasisi bayan horo. Sai dai takarda ba ta isa gindin bishiyar kasuwa. Wanda ke isa can shi ne Sarkin Aska, domin shi wanzamai ke ji, kuma a gabansa ake sasanta rigimar sana'a. Idan za a tura mai bincike ya ɗauki bayanin wanzanci, ya kamata ya tambayi Sarkin Aska sunan kowace aska da kirarin sana'a da yadda ake gyara ƙaho, sa'annan ya tambaye shi kai nawa aska ɗaya ke bi kafin a sauya ta, da jarirai nawa aka kai asibiti bayan cire beli a bara. Amsar tambayoyin biyu na ƙarshe ita ma tarihi ce, kuma ita ce ba na gani a kundayenmu.