Ƙofofin Buga Littafi: Aunawa daga Ƙasar Yauri

Shekaru da dama ƙofar marubucin Hausa guda ce tak, watau Zariya. A 1933 Hukumar Talifi ta sa gasa, R. M. East ya tace abin da aka aiko, aka sami Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Kamfanin Gaskiya ya biyo baya a 1945, sa'an nan NNPC a 1966. Lalle wannan hanya ta ba mu Hausa tatacciya, amma fa ƙofar ƙunci gare ta, sai wanda aka zaɓa ke shiga.

Ƙofa ta biyu ta jami'a ce. Mahdi Adamu, mutumin Ngaski, ya rubuta tarihin Yauri na ƙarni na 19 don neman digiri a 1968, shekarar da aka gama madatsar Kainji. Aiki ne mai zurfi, sai dai da Turanci ya yi shi. Masuncin Shanga, da Gungawan da ruwa ya tayar daga tsibiransu, yaya za su karanta labarin kakanninsu?

Ta uku ita ce marubuci ya buga da kuɗinsa, kamar yadda Ado Ahmad Gidan Dabino ya fito da In Da So Da Ƙauna a Kano a 1991. Nan talaka ya sami baki, mata suka shigo. Aibinta rashin mai tacewa: kurakuran rubutu, da jan labari don a ƙara kashi.

A ganinmu, marubucin Yauri ya bi ta ukun, amma ya ari ladabin ta farko, ya miƙa wa masani ya duba kafin injin ya taɓa. Gyaran takarda ya fi gyaran suna sauƙi.