Malam-Buɗe-Littafin Amurka a Ajin Illela: Tarke a Kan Littattafan Yara na Sanin Halittu

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda tarke ce a kan wani rukuni na littattafan yara da ake wallafawa a Amurka, masu ba da labarin malam-buɗe-littafin nan da Turawa ke kira Monak, wato Basarake. Dalilin ɗauko su shi ne, duk sa'ad da aka yi kukan ƙarancin littattafan kimiyya na yara cikin Hausa, shawarar da ta fi saurin fitowa ita ce a nemo irin waɗannan a fassara. Mun auna su da idon ɗan firamare na Illela, garin bakin iyaka da ke arewa da Sakkwato, daura da Birnin Ƙonni ta Jamhuriyar Nijar. A ganinmu dabarar littattafan abar koyi ce, amma fassara su yadda suke zai ɓata ainihin abin da ya sa suka yi kyau.

2.0 Jigo da Zubi

Biyu daga cikinsu sun isa misali: Monarch Butterfly na Gail Gibbons (1989), da Monarch and Milkweed na Helen Frost (2008). Jigonsu kashi biyu ne. Na farko shi ne rikiɗar ƙwaron daga ƙwai zuwa tsutsa, daga tsutsa zuwa ƙunshi, sannan ya fasa ƙunshin ya fito da fukafukai. Na biyu shi ne ƙaurarsa: da kaka yakan taso daga kudancin Kanada da arewacin Amurka, ya yi tafiyar da kan kai kilomita 4,000, ya sauka a dazuzzukan kan duwatsu na jihar Michoacan da maƙwabtanta a ƙasar Meziko. Masana ba su gano wannan masauki ba sai a Janairun 1975, ko da yake mutanen wurin sun daɗe da saninsa.

Ƙarfin littattafan yana ga abu guda. Yaron da aka rubuta dominsa yana iya ajiye littafin, ya fita bayan gida, ya juya ganyen tsiron da aka zana masa, ya ga ƙwan da idonsa. Gibbons har ta nuna wa yaro yadda zai reni tsutsar cikin kwalba. Frost kuwa ta jera rayuwar tsiron da ta ƙwaron kafaɗa da kafaɗa, yadda mai karatu zai gane cewa ɗaya ya dogara da ɗaya. Wato littafin yana tura yaro waje ya tabbatar da abin da ya karanta.

To, in aka kawo wannan littafi Illela, ina yaro zai fita ya tabbatar? Monak ba ya ƙasar Hausa. Abin da aka shirya don koyar da lura sai ya koma hadda, ya shiga sahun tuffa da dusar ƙanƙara da yaranmu suka daɗe suna karantawa ba su taɓa gani ba. Illar da ta fi wannan ita ce yaro ya tashi da zaton abin al'ajabi sai ƙasar Turawa.

3.0 Abin da ke Gindin Tumfafiya

Alhali kuwa ɗan'uwan Monak na jini yana nan a bakin kowace hanya. Shi ne wanda masana ke kira Danaus chrysippus, mai fukafukai ruwan goro da baƙin baki da ɗige-ɗigen fari. Tsutsarsa ganyen tumfafiya take ci, tumfafiya kuwa dangin tsiron nan ne na littafin Frost. Kamar Monak, yakan tara dafin tsiron a jikinsa, shi ya sa tsuntsaye ke ƙyamar cinsa. Duk matakan rikiɗa huɗu ana iya nuna su a kan tumfafiya guda, a bayan makaranta ko a hanyar tafkin Kalmalo.

Amma mai zane ya kiyaye, kada ya kwafi hoton Amurka ya sauya masa suna. Tsutsar Monak tana da tsinkaye masu kama da ƙaho guda huɗu, tamu tana da shida. Bugu da ƙari, irin da ke Afirka ta Yamma fukafukansa na baya fari ne ya rinjaye su. Yaron da ya ƙirga ya ga littafi ya saɓa wa ganye, ganyen zai gaskata, kuma daidai ya yi.

Akwai wurare biyu da fassara za ta yi tuntuɓe ko da an gyara hoto. A Amurka ana kwaɗaitar da yara su shuka tsiron don ceton ƙwaron, saboda gonaki sun cinye shi. Wanda ya ce wa ɗan manomin Illela ya shuka tumfafiya ya nemi dariya, domin a wurinsa ita alamar gajiyar ƙasa ce. Na biyu ya fi hatsari: ruwan tumfafiya yana cutar da ido ƙwarai. Duk littafin Hausa da zai ce yaro ya tsinko ganye ya sa a kwalba, tilas gargaɗin wanke hannu ya zo a shafin da umurnin yake, da manyan baƙaƙe.

4.0 Matsalar Ƙaura

Nan ne aikin ya fi wuya. Malam-buɗe-littafin tumfafiya ba ya irin doguwar tafiyar Monak mai lokaci da masauki sananne, saboda haka ba daidai ba ne a jingina masa ita don labari ya yi armashi. Wanda ke wannan tafiya a yankinmu wani ne dabam, Vanessa cardui. Gerard Talavera da Roger Vila sun bi sawunsa a kakar 2014 a Chadi da Benin da Senegal da Habasha, suka tarar yana ƙetaro Bahar Rum da Sahara daga Turai, yana hayayyafa a kudu da hamada bayan ɗaukewar damina. Binciken da ya biyo baya a 2018 ya nuna cewa zuriyarsa tana komawa arewa, kuma zagayen shekara yana kai kilomita 12,000 zuwa 14,000. Illela tana cikin wannan ɗamara ta ƙasa da yake sauka. Ke nan abin da littattafan Amurka suka haɗa a jikin ƙwaro ɗaya, marubucin Hausa sai ya raba shi tsakanin ƙwari biyu, tare da cewa Bahaushe suna ɗaya yake kiran su da shi. Samar musu sunayen da yaro zai riƙe aiki ne da ke jiran masana harshe da ke wannan zaure.

Ɗan Illela ba baƙo ba ne ga ma'anar ƙaura. Ya san zuwan shamuwa gab da damina, ya san 'yan cin rani, ya kuma ga an rufe iyakar garinsu daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Marubuci zai so ya ce malam-buɗe-littafi ɗan cin rani ne, kuma kwatancin yana da daɗi. Sai dai yana da iyaka. Ɗan cin rani shi ke tafiya, shi ke dawowa, kuma a wurin manya ya koyi hanya. Monak ɗin da ya isa Meziko bana tattaɓa-kunnen wanda ya je bara ne, domin zuriya wajen huɗu ke cika zagayen, ba kuwa wanda ya nuna wa wani hanya. Salon labari mai tauraro ɗaya, wanda adabin yara ya fi so, yana saurin binne wannan gaskiya, alhali ita ce mafi ban mamaki a cikin al'amarin duka. Hausa kuwa tana da kayan aikin a shirye: ɗa, jika, tattaɓa-kunne. Sai a gina labarin a kansu, kowane babi da nasa tauraro.

Irin wannan rubutu yana da tushe a adabinmu. Tun 1949 R. M. East da Abubakar Imam suka fara fitar da Ikon Allah a Zariya, suna bayanin halittu cikin Hausa tsantsa. Abin da littafin yau zai ƙara a kan nasu shi ne hoto mai launi da aka zana daga ganyen gaske, da shafi na ƙarshe da aka bari fari, inda yaro zai rubuta ranar da ya ga ƙwai, da ranar da tsutsa ta ƙunshe, da ranar da ta fito.