Na'urar Haƙar Bitcoin Ta Yi Zafi? Sauya Manhaja Ba Ya Kashe Wuta

Idan ka taɓa bincika dalilin da ya sa na'urar haƙar Bitcoin ke mutuwa tana tsaka da aiki, tabbas ka ci karo da bidiyoyi da rubuce-rubucen da ke ba da shawara iri ɗaya: ka sauya manhajar cikinta, shi ke nan. Na bi da yawa daga cikinsu, kuma ina ganin shawarar tana ɓatar da mutane. Bari in nuna maka dalili.

Da farko, ba mainin ɗin danna waya muke magana ba. Muna magana ne kan injuna irin Antminer S19 Pro na kamfanin Bitmain, wanda ke cin wuta kimanin wat 3,250. Kamar ka kunna dutsen guga uku ne ka bar su dare da rana. A yini ɗaya yana shan yunit 78 na lantarki. To ina wutar take tafiya? Kusan dukkanta zafi take komawa, domin makamashi ba ya ɓacewa, sai dai ya sauya kama.

Ita manhajar ciki aikinta kula da injin: tana tsara saurin ƙwayoyin lissafi da ƙarfin wutar da ke shigarsu, tana karanta ma'aunan zafi, tana juya fankoki. Idan zafi ya wuce kima ko fanka ta tsaya, sai ta kashe injin don kada ya ƙone. Wato mutuwar da kake kuka da ita sau da yawa ba ita ce cutar ba, ƙararrawa ce.

A nan ne waɗannan darussa suka kauce. Wasu na koya maka ɗaga iyakar zafin da injin zai jure, wasu kuma yadda za ka kashe binciken fanka. An tanadi kashe binciken fanka ne don injunan da ake tsomawa cikin wani mai na musamman da ba ya ɗaukar lantarki, inda ba a buƙatar fanka. Ka yi haka a injin da ke shan iska, tamkar ka cire fitilar gargaɗin mota ne don ta dame ka. Motar za ta ci gaba da tafiya, har ranar da injin zai buga.

Abu na biyu, ba su cika tambayar a ina injin yake ba. Kamfanin ya tsara shi don iskar da ba ta wuce digiri 40 ba. A Kano ko Maiduguri, zafin Afrilu kan kai haka tun kafin ka kunna komai, ga ƙurar hunturu da ke toshe ƙarafan shan zafi. Mu yi ɗan lissafi: don iska ta kwashe zafin wat 3,250 ba tare da ta ƙaru da fiye da digiri 15 ba, ana buƙatar kusan kubik mita 650 a awa guda. Ɗaki mai mita 4 tsawo, 4 faɗi, 3 tsayi, sai an sauya iskarsa gaba ɗaya duk bayan minti huɗu da rabi. Idan esi za ka sa, mai ƙarfin doki ɗaya da rabi da ƙyar zai riƙe inji ɗaya, shi ma yana cin tasa wutar. Babu manhajar da ke buɗe taga.

Amma a yi adalci, manhajojin waje suna da amfani. A 2017 an gano wata kafa a manhajar Antminer, wadda aka yi wa laƙabi da Antbleed, da za a iya bi ta cikinta a kashe injin mutum daga nesa. Bitmain ya toshe ta, amma ta nuna haɗarin dogaro da manhajar da ba ka ganin cikinta. A 2018 Braiins OS ta fito a buɗe. Irin waɗannan manhajoji na iya rage saurin injin da wutar da yake ci, zafi ya ragu. Lura: ragewa ce ke sanyaya shi. Amma abin da aka fi tallatawa shi ne ƙara gudu, wanda ke ƙara zafi. Ba a kuma cika faɗa maka cewa garantinka na iya tafiya ba, ko cewa manhajar da ka sauke daga shafin da ba ka sani ba tana iya karkatar da haƙarka zuwa asusun wani.

To me za ka yi? Fara da karanta rijistar da injin ke rubutawa: zafi ne, fanka ce, ko allo ɗaya ne ba ya ganin ƙwayoyinsa? Auna zafin iskar da ke shiga. Tabbatar iskar da ta fita ba ta dawowa ta gaba. Kashe injin, ka hure ƙura, ka duba fankoki da wayoyi da ƙarfin wutar da ke zuwa. Sai bayan nan ka taɓa manhaja, kuma daga shafin masu ita na asali.

Tun Afrilun 2024 ladan haƙa ya ragu zuwa Bitcoin 3.125 a kowane bulo, riba ta matse. Allo ɗaya ya ƙone, kashi ɗaya cikin uku na injinka ya tafi. Kafin ka bi wani darasi, duba ko ya tambaye ka zafin ɗakinka.